Sallahun Iya Tabawa

Ku samarin tasha, duk ranar da na wuce na ga kuna naɗe kwali da salatif, ɗaya hannun riƙe da waya, sai in ji tafin hannuna yana ƙaiƙayi. Ba ku tambayi mai kaya abin da ke ciki ba, ba ku ɗaga kun girgiza ba, ko hanci ba ku kai ba. Kun naɗe, kun rubuta suna, kun cilla bayan mota. Kwanan baya ɗayanku ya ce da ni, “Baba, ai ɗaurin kaya ba sana'a ba ce, ko makaho ya iya.” Ban yi fushi ba, don ni ma haka na zata kafin in shiga. Ni kayan jirgin sama na ɗaura, a shekarun da kuɗin mai ya shigo ƙasar nan, har aka daina kirana da sunan mahaifina aka koma ce mini Garba Ƙulli. Mota in ta kama da wuta direba yana iya cin burki kowa ya dire. Jirgi ba shi da gefen titi.

Aikin farko da aka ba ni a rumbun kaya na filin jirgi a Kano wankin manja ne. Wata garwa ce aka ɗoro daga kudu, an cika ta har wuya an liƙe da dalma, ta fashe a cikin cikin jirgi ta jiƙa dilolin farin yadi na wani ɗan kasuwa. Muka wuni muna gurza da buhu da toka. Ubangidana a wurin wani tsoho ne, Baba Sale, wanda ya fara aikin tun jirage duk masu farfela ne. Da muka gama sai ya ɗauko garwar ya dire mini a gaba, ta kumbura ta tsage ta gefen liƙin, ya ce in faɗa masa wa ya fasa ta. Na ce wataƙila wani abu ne ya faɗo mata. Ya ce in duba ko akwai lotsawa. Babu. Daga ciki ta tsage.

“Iskar sama ba ta da nauyi irin ta ƙasa,” in ji shi. “Duk abin da ka toshe a nan, in ya hau can sai ya nemi hanyar fita. Abin da ke kwance lafiya a ɗakin uwarka, a sama tashi yake yi. In ka riƙe wannan ka riƙe rabin aikin.”

Kayan aikinmu ba su da yawa. Igiyar rama, wadda ake jiƙawa kafin a ɗaura don in ta bushe ta ƙara matsewa. Basilla da algarara. Dusar katako da muke zubawa tsakanin kwalabe don ta shanye duk abin da ya tsiyaya, sai dalma da ƙarfen liƙi, da sikeli, da alli. Amma Baba Sale ya ce waɗannan duk kasuwa tana sayar da su, waɗanda ba a saya su ne hanci da kunne da tafin hannu. Yakan rufe mini ido da tsumma ya miƙo gwangwani ya ce in girgiza. Zuma tana tafiya a hankali, man gyaɗa yana da nauyin motsi, kananzir kuwa tsalle yake yi a ciki kamar bai son zama. In na yi kuskure ba ya duka, sai dai ya kira leburori su zo su ga mai hancin da bai san bambancin turare da fetur ba, wanda ya fi duka ciwo.

Akwai littafin doka mai kauri da Turanci, wanda akawun rumbun yake karanta mana yana fassarawa, mutum mai haƙuri ƙwarai. Mu da ba mu yi boko ba da hotuna muka riƙe ta, don kowane kaya mai haɗari akwai takardar da ake liƙa masa: mai harshen wuta, mai ƙwaryar kan mutum, mai hannun da ruwa ke ci, da mai abin da ya tarwatse. Wasu kayan suna tafiya in an yi musu gidan da ya dace, gwangwani cikin dusa, dusa cikin akwatin katako, baki yana kallon sama, an kuma sanar da matuƙi inda aka ajiye su. Wasu sai a jirgin da ba ya ɗauke da fasinja. Wasu kuwa ba sa shiga jakar matafiyi ko da na wane ne, kuma a gaban waɗannan akwai fetur da ruwan batir da duk abin da ake ɗura wa bindiga. Na taɓa tambayar Baba Sale, to in ɗan kaɗan ne fa? Ya ce in je in tambayi wanda ɗan kaɗan ɗin ashana ya ƙone wa rumbu.

Da kuɗi ya yi yawa a hannun mutane sai aikin hajji ya buɗe. Mutumin da ubansa ya yi shekaru a ƙafa kafin ya ga Makka, shi sai ya sayar da shanu a kara, kasuwar dabbobi, ranar Juma'a ya biya kujera. Kuma duk wanda zai tafi gani yake ƙasar da za shi ba a cin abinci. Gero, daddawa, kuka, yaji, man shanu a garwa, risho cike da kananzir, ashana ƙunshi guda. A filin jirgi masu bincike sai su farke komai a bainar jama'a, tsohuwa tana kuka ana watsa mata kaya a ƙasa. Baba Sale ne ya ce da ni, “Kai ba ka iya zama wuri ɗaya ba, kullum kana kan hanyar Wudil. Je ka buɗe rumfa a garinku, ka gyara musu kaya tun daga can.” Haka na kafa rumfa a bakin tasha, kusa da masu sayar da tukwane.

Risho shi ne abokin faɗana na kullum. Ba a hana shi tafiya ba, amma sai an juye kananzir ɗin tas, an zare lagwani an yar, an wanke tankin an kife shi a rana har hanci ya daina jin komai. Wani mahauci daga Acika ya yi mini rantsuwa cewa nasa sabo ne dal, bai taɓa ganin mai ba. Na girgiza shi a kunnensa, muka ji yana amsawa. Ya ce to ai ɗan na gwaji ne. Na ce shi ma jirgin ai ba ka so a yi gwajin da kai a ciki. Ya yi dariya ya bar ni na juye, ya kuma dawo da tsarabar tasbaha. Da haka da haka mutane suka saba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, in ka zo rumfata sai ka buɗe komai, har ɗan abin da ka ƙulle a bakin zane.

Ina da ƙulli nawa na kaina, mai kunne biyu da wutsiya a soke ta ƙasa, sai kuma alamar alli a gefen hagu. Masu bincike a Kano sun san shi. Sun farke kayana sau da yawa a farkon lamari ba su taɓa samun komai ba, daga baya in suka ga ƙullin sai su ce a wuce da shi. Ku gane wannan da kyau, don shi ne duk jarina. Mutanen Wudil sun yarda in sa hannu cikin kayansu, mutanen filin jirgi sun yarda duk abin da na ɗaure na gan shi da idona. In ɗaya ta faɗi ɗayar ba ta da amfani, ni kuma in koma dako.

Ana cikin haka shekarar da surukina ya yi niyya ta zo. Malami ne a Darki, manomi, mutum mai magana ɗaya. Ba zan faɗi sunansa ba, ko yanzu da ya rasu bakina ba ya iya ɗauka. Shanun huɗarsa ya sayar ya biya kujera, kuma kowa ya san ba zai sake samun wata ba. Da hantsi ya iso rumfata da akwatin ƙarfe a kan jaki. Na tuɓe takalmi na durƙusa, muka yi gaisuwa mai tsawo, gida da gona da gajiya, idona a ƙasa. Ya buɗe akwatin da kansa ya fito da komai, harami da buta da garin dawa da ɗan tandun man shanu. Babu abin cirewa. Daga ƙarshe ya sa hannu a aljihun babbar riga ya ciro wani ƙunshi da bai kai ƙwaryar awo ba, an naɗe shi da jemammiyar fatar akuya an ɗinke ta ko'ina.

“Wannan sallahu ne,” in ji shi. “Na Iya Tabawa ne ta Utai, zuwa ga ɗanta Hamisu da ke zaune a Makka. Ba shi da lafiya. Na yi mata alkawari ba idon da zai ga cikinsa sai nasa. Sa shi daga ƙasa ka ɗaure.”

Ku na yanzu ba ku san nauyin sallahu ba. Saƙon da aka ba matafiyi ya kai amana ce, ba a tambayar abin da ke ciki, balle a ce magani ne, wanda mutanenmu suka yi imani in baƙon ido ya gan shi ya karye. Na karɓa da hannu biyu. Warin daddawa ne ya fara dukan hancina, sai kuka. Da na ɗan matsa gefe guda sai na ji wani abu yana ƙas-ƙas kamar yashi mai tsakuwa. Na goga yatsa a kan ɗinkin, ya fito da baƙin gari kaɗan. Na faki ido na ɗora a harshe. Gishiri-gishiri, da ɗaci, da ɗan sanyi. Albarushi ne, irin wanda maharba ke ɗura wa bindiga.

Suruki ba a ce masa a'a. Na ce, “To, Baba.” Na ƙara da cewa igiyar ba ta gama jiƙa ba, a bar akwatin zan ɗaure in ta yi. Ya dube ni, ya dubi bokitin da igiya ke ciki, sannan ya kora jakinsa.

Tun daga wannan rana zama ya gagare ni. Ba wanda ya san ranar da za a kira maniyyatan Wudil zuwa sansanin alhazai, yau a ce gobe, gobe a ce jibi, kowace mota ta tsaya a tasha sai gabana ya faɗi. In na sa ƙunshin na yi ƙullina, ba mai buɗewa, zai hau jirgi cike da mutane. In na farke shi, na karya alkawarin surukina na kuma karya maganin tsohuwa. Gaba kura, baya sayaki. Na aiki mai ɗakina ta je Darki ta yi wa mahaifinta bayani, tunda abin da bakina ba zai iya ba nata zai iya. Da la'asar ta dawo fuskarta ba daɗi.

“Ya ce in gaya maka shi bai san abin da ke ciki ba, kuma ba ya son ya sani,” ta ce. “Ya ce in sallahun bai tafi ba shi ma bai tafi ba. Ba zai tsaya gaban ɗakin Allah da karyayyen alkawari ba. Maigida, ka bar kaza cikin gashinta mana. Ɗan abin nan me zai yi wa jirgi?”

Washegari na hau kiya-kiya zuwa Kano, wai ko akwai wata kafa a cikin dokar. Akawu ya buɗe littafin ya duba mini har sau biyu, ya girgiza kai. Baba Sale yana zaune kan dila yana gyaran basilla, ko ɗagowa bai yi ba.

“Tun kafin ka hau mota ka san amsar,” ya ce. “Ka dai zo ne a taya ka ɗauka, kuma ba mai taya ka. Amma wa ya ce kai za ka farke? Wanda ya ɗinka shi ke da farkewa.”

Ban tsaya cin abinci ba. Na komo Wudil na ɗauki ƙunshin na ari babur na kama hanyar Utai. Mai da saƙo ga mai shi ba buɗewa ba ne, da wannan na lallashi kaina duk tsawon hanya. Na sami Iya Tabawa a ƙofar gida tana ɓarar gyaɗa, tsohuwa ƙarama mai kaifin ido. Na durƙusa muka gaisa. Tana ganin abin da ke hannuna ta ture faifan gefe.

“Malam ya fasa tafiya ne?”

“Bai fasa ba, Iya. Ni ne mai ɗaurin kayansa. Akwai abin da ke cikin nan wanda jirgi ba ya ɗauka.”

“Ka buɗe ke nan.”

“Ban buɗe ba, ga ɗinkinki nan yadda kika yi shi. Ta ramin allura ya fito.”

Ta karɓa ta jujjuya shi, ta ga gaskiya ne. Sannan ta ba ni labari. Mijinta maharbi ne. Lokacin da Hamisu yake ƙarami cikinsa ya taɓa kumbura har aka fid da rai, uban ya ɗebi albarushi daga ƙahonsa ya dama da lemon tsami ya ba shi, yaro ya tashi. Uban ya rasu, ƙahon yana nan rataye a ɗakinta da sauran abin a ciki. Bara wani alhaji da ya dawo ya ce mata ciwon ya komo wa Hamisu, an kai shi asibiti a can ba a dace ba.

“Na ubansa ne,” ta ce. “Ba na kasuwa ba ne da za ka ce a saya a can. Kuma ni za ka koya wa albarushi, ɗan nan? Tun ba a haife ka ba nake kwana da shi a ɗaki, bai taɓa tashi ba.”

Na ce, “Gaskiya ne, Iya. Amma a ɗakinki kin san inda yake, ba kya kai fitila kusa da shi. A cikin cikin jirgi ba wanda ya san yana nan. Akwati ne kan akwati, ƙarfe yana gugar ƙarfe, wataƙila na kusa da shi akwai ashanar da wani ya ɓoye. In ya tashi ba ƙofar da za a shiga a kashe, ba inda za a tsaya. Mutanen kuma a samansa suke zaune, har da Malam da ya ɗaukar miki.”

“Tabbas zai tashi?”

“Ban ce tabbas ba. Wataƙila ya je lafiya. Amma ni ba zan ɗaure shi ba, in kuma ban ɗaure ba za a farke akwatin a Kano a gaban kowa.”

Ta yi ta jujjuya ƙunshin a hannunta. Ni kuwa ina jin kamar ana ta lodi a tasha ba ni. Can ta ce in juya baya. Na juya na fuskanci katanga, ina jin tana tsinke zaren ɗaya bayan ɗaya da haƙori. Na roƙe ta ta sauya fatar ma, tunda garin ya shiga jikinta. Ta yi tsaki, amma na ji ta shiga ɗaki ta fito. Da ta ce in juyo, ƙunshin yana cikin sabon ƙyalle a ɗinke, ga wani ɗan ƙullin tsumma baƙi a kan cinyarta.

“Shinshina,” ta ce, “tunda hancinka ya fi na kowa.”

Na shinshina, na matsa ko'ina. Daddawa ce da kuka da kuɓewa, sai wani abu mai laushi kamar hula.

“Na cire,” in ji ta. “Amma in wani abu ya sami Hamisu, kada ka sake biyowa ta ƙofar gidan nan.”

Ina isowa Wudil na tarar kira ya zo, babbar mota tana tsaye ana ta jifa da akwatuna. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, ni dai ranar na fafe. Surukina yana tsaye a bakin rumfata da sandarsa, jama'a sun kewaye shi. Na durƙusa na miƙa ƙunshin. Ya ga ƙyallen ba shi ne na da ba.

“Mai shi ce ta kwance?”

“Ita ce, Baba.”

“Ita ta ɗinke?”

“Ita ce.”

“To ɗaure.”

Na sa shi daga ƙasa, na ja igiya na yi ƙullina na shafa alli. Ya hau mota bai waiwayo ba.

Da alhazai suka dawo labari ya riga su sauka. Surukina ya sami Hamisu a kwance, ya ba shi saƙon hannu da hannu. Hamisu ya farke da kansa, ya sa hular da uwarsa ta saƙa masa, aka yi masa miyar kuka da daddawarta ya sha kaɗan. Sai ya yi ta lalube cikin ƙyallen, ya tambaya ko ba ta ba da wani abu daga ƙahon babansa ba. Bayan alhazai sun sauko daga Arfa Hamisu ya rasu, aka binne shi a can. Raina ya ɓaci ƙwarai da na ji, kuma ba ni da wanda zan gaya wa.

Wannan ita ce muguwar shekarata. A kara, a bakin kogi wurin masunta, a wurin masu tukwane, magana ɗaya ce: Garba Ƙulli ya hana yaro maganin ubansa. Ba wanda ya zage ni a fuska. Gaisuwa ce dai ta gajarce, daga “lafiya lau” sai mutum ya ƙara sauri. Wani ya buɗe rumfa a tsallaken titi, yana ɗaure duk abin da aka miƙo masa ba tambaya, kuma can kowa ya koma, har 'yan kasuwar da ke aika fatu da kilishi ta jirgi. Sun san za a farke musu kaya a Kano, sun gwammace hakan da hannuna. Surukina yana amsa gaisuwata, daga nan ba ƙari. Na koma ɗaurin buhunan albasa da lodin fatu ranar kasuwa. Sauran kwanaki kuwa in buɗe rumfa, in jiƙa igiya, in kasa zama, in taka har gada in dawo, in tarar igiyar tana nan yadda na bar ta. Sau biyu ina haɗa kayana zan koma Kano gaba ɗaya, sai in tuna in na tafi maganar ta tabbata ke nan. Hanyar Utai kuwa ko da wasa ban sake bi ba.

Da lokacin maniyyata ya sake zagayowa, layi ya cika a tsallaken titi, ni ko akwati ɗaya ban samu ba. Ranar wata Juma'a, kasuwa ta cika maƙil, ina tsugune ina kaɗe ƙura daga sikeli, sai a-kori-kura ta tsaya daidai rumfata. Aka sauko da wata tsohuwa, aka sauke mata akwati. Iya Tabawa ce. Ashe wani ɗan ƙaninta da ya samu a harkar kwangila ne ya biya mata kujera, don ta je ta ga ƙasar da ɗanta ke kwance. Masu layin tsallake duk suka juyo suna kallo. Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata gaisuwar da na kasa kai mata shekara guda. Ta amsa a taƙaice. Sannan ta tura akwatin gabana da ƙafa. Ba kwaɗo, ba igiya, duk ƙunshin da ke ciki bakinsa a buɗe yake, ga basilla da zare a sama.

“Duba,” ta ce. “In ka gama ka ɗinke.”

Na kasa miƙa hannu. Na ce, “Iya, ga mai ɗauri can a tsallake.”

“Na gan shi. Ba wurinsa na zo ba.” Ta gyara mayafinta. “Kada ka zata na sauya magana, ɗan nan. Har gobe ina ganin da Hamisu ya sha da ya tashi, kuma da wannan zan mutu. Amma na yi shekara ina tunanin waɗanda suka zauna a saman akwatin nan. Su ma kowanne akwai wadda ta haife shi.”

Na sa hannu na bi kayan ɗaya bayan ɗaya har ƙasa, kamar yadda zan yi wa kowa, tana tsaye tana kallo. Rishonta a bushe yake, ta riga ta zare lagwanin da kanta. Na ɗinke ƙunshin daddawa, na ɗinke na kuka, na rufe akwatin. Da na waiwaya zan ɗauko igiya daga bokiti, sai na ga wani mutumin Darki ya tsallako titi da akwatinsa a ka, ya sauke a bayanta, yana laluben makulli a aljihu.